Sarkin Maganin Birnin Mihraz

A zamanin da ƙasar Farisa ta kekkece, kowane kwari da nasa sarki, kowane tsauni da tasa ganuwa, an yi wani birni a gindin duwatsu masu ƙanƙara ana kiransa Mihraz. Sarkinsa Firuzan, jarumi ne wanda furfura ta same shi a kan sirdi. Amma in ka ji fatake suna ambaton Mihraz a zango mai nisa, ba sarkin suke nufi ba. Malam Mahyar ɗan Bundar suke nufi, mai riƙe da sarautar Sarkin Magani.

Shi Mahyar ɗan mai sayar da saiwoyi ne. Ya sauke Alƙur'ani da wuri, ya bi malamai gari gari, ya karance littattafan Yunanawa da na Hindu a kan jiki da taurari da hikimar nan da ake kira falsafa. Da ya dawo gida ya roƙi sarki fili, ya gina gidan jinya kusa da ƙofar yamma. Da hantsi yana cikin majinyata, yana taɓa jijiya yana duba ido da harshe. Da la'asar yana zaune da ɗalibai, suna ja a kan ko rai yana rigan jiki zuwa, ko tare suke tafe. Shekara da shekaru yana rubuta wani babban littafi wanda ya bi cututtuka tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Masoyansa da yawa, maƙiyansa ma ba kaɗan ba, don akwai masu ganin cewa mutumin da ke neman dalilin kowane abu, wata rana zai tambayi abin da ba a tambaya.

Bazarar wannan shekara ta zo da abin da ya tayar wa mutane da hankali. Shamuwa ba ta dawo kan hasumiyar masallacin Juma'a ba, abin da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Kogin Zarin kuma ya wayi gari ja wur. Mahyar ya ɗebo ruwan a kasko, ya bar shi ya kwanta, ya nuna wa jama'a cewa jar laka ce daga wani gefen dutse da ya zabtare. Suka gyaɗa kai, suka koma gida da tsoronsu. Shi kuwa ba kogi ne ya hana shi sakewa ba. Abin da ke damunsa yana ƙarƙashin yatsunsa duk safiyar da ya je duba sarki: wani kumburi mai tauri a gefen dama na cikin Firuzan, kullum yana ƙaruwa. Daga shi sai sarki suka sani.

Ana cikin haka sai ga manzo daga Tabrak, birnin Sarki Asfar da ke gabas. Asfar yaro ne a kan Firuzan, amma ya ci garuruwa da yawa, kuma yana tara malamai a fadarsa kamar yadda wasu ke tara dawaki. Wanda ya faranta masa rai ya sha kyauta, wanda ya saɓa masa a jefo shi daga kan soro.

Aka tara majalisa. Manzon ya shigo da baƙar alkyabba, bai durƙusa ba, ya ɗan sunkuyar da kai kawai.

Ya ce, "Ubangidana Asfar, mai tambura tara, mai giwaye, yana gai da Firuzan. Ya ce ya ji labarin akwai wata fitila a gidanka wadda ta fi ƙarfin ɗakin da aka ajiye ta. Ka aiko masa da Mahyar ɗan Bundar, shi da littattafansa. In ka yi haka, kai da shi sai zumunci. In ka ƙi, zai zo ya ɗauka da kansa, kuma ba zai zo shi kaɗai ba."

Aka fitar da manzo zuwa zaure. Mahyar na zaune a gefen hagu, ya ji idanun mutane sun sauka a kansa kamar ƙudaje.

Waziri Nubakht ne ya fara magana. Dattijo ne siriri mai sanyin murya, wanda ya daɗe yana jin zafin yadda sarki ke sauraron Mahyar fiye da shi.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ba na musun darajar Sarkin Magani, ya warkar da 'ya'yana ma. Amma mu auna. Hatsin bana bai nuna ba, rumbuna sun yi ƙasa. Ganuwar gabas ta tsage tun girgizar ƙasar bara. Asfar yana da giwaye, mu ba mu da su. Mutum ɗaya ake nema, kuma ba yanka shi za a yi ba, girmama shi za a yi. Shin za mu mai da matan Mihraz zawarawa saboda mutum ɗaya?"

Sarkin Yaƙi Baktash ya miƙe, sulkensa na ƙara. Baturke ne, ƙato, askarawa ba sa jin maganar kowa sai tasa da ta sarki.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Waziri ya iya lissafin rumbu, amma bai san Asfar ba. Ni na san shi. Ba malami yake nema ba, wuyanmu yake gwadawa ya ga ko yana lanƙwasuwa. Ka ba shi Malam bana, baɗi ya aiko neman makullin ƙofa. Mu tare shi a mashigin Zarin, inda giwa ba ta iya sauri."

Sai Mahyar ya nemi izini. Ya tashi, ya gyara rawaninsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni aikina hana mutuwa ne gwargwadon abin da Allah ya ba ni iko. Ba zan so a ce ni ne sanadin da aka haƙa kaburbura ba. Na bar ɗalibai da suka iya aiki. Ka sallame ni in tafi Tabrak da ƙafata."

Ya lura Waziri ya ɗago kai ya dube shi, kallon mai ajiye magana don wata rana.

Sarki Firuzan ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa na dama na dafe da gefen cikinsa ƙarƙashin alkyabba, Mahyar kaɗai ya san dalili.

Can ya ce, "Na ji ku duka. Kakana ya karɓi wannan birni da takobi, ubana ya riƙe shi da takobi. Ba a taɓa fitar da wanda ya ci gishirin gidan nan an miƙa wa baƙo ba, ba kuwa a kaina za a fara ba. Ku gaya wa manzo ya ce da ubangidansa ina jiransa a bakin Zarin. Sarkin Yaƙi, a buga tambari."

Da majalisa ta watse, bayan la'asar, sarki ya sa aka kira Mahyar zuwa lambun rumman da ke bayan fada. Ya kori bayi. Da suka rage su biyu, sai ya saki jikin da ya ɗaure tun safe, ya zube a kan shimfiɗa yana nishi.

Ya ce, "Malam, ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. In na hau doki, me zai faru?"

"Ranka ya daɗe, ƙurjin ya nuna. In ka kwanta ka bi abin da na ce, wataƙila ya huce, ka ga wata bazarar. In ka hau doki, sukuwa za ta fasa shi a ciki. In ya fashe, ba ni da abin da zan yi."

"Zafin fa? Yanzu ko tsayuwar salla da ƙyar nake yi."

"Ba za ka iya zama a kan sirdi ba."

"Akwai abin da zai sa in iya?"

Mahyar ya san amsar. Akwai. Madarar wani fure ce da ake kira afiyun, wadda yake ba waɗanda za a yanke wa ƙafa. In aka haɗa ta da yawa, mutum ba zai ji zafi ba ko da cikinsa na yagewa.

Ya ce, "Akwai, amma ba magani ba ne. Zafin nan shi ne mai gadin da ke gaya maka ka tsaya. In na kashe shi, za ka yi ta sukuwa har ka faɗi. Ban koyi wannan sana'a don in raka mutum kabari ba."

Sarki ya yi murmushi mai ɗaci. "To saurara. In ban fita ba, askarawa za su ce sarki ya ji tsoro, rabinsu su watse kafin a ga ƙurar Asfar. Baktash da Waziri kuwa ba sa ga maciji, ni ne igiyar da ta ɗaure su. Kai da bakinka ka ce ba ka son a haƙa kaburbura saboda kai. Ga kabari ɗaya, ga dubu. Zaɓi."

Mahyar ya sha koya wa ɗalibansa cewa in sharri biyu suka haɗu, mai hankali yakan ɗauki ƙarami. A kan tabarmar karatu maganar tana da sauƙi. Yanzu da ta tsaya a gabansa da fuskar mutumin da ya ba shi fili ya gina gidan jinya, sai ya ga ba ta da sauƙi ko kaɗan.

Ya ce, "In ba makawa, a kira Alƙali ya shaida kai ka umarce ni."

"Ba wanda zai sani. In mutum na uku ya ji, gobe kasuwa ta ji, jibi Asfar ya ji. Ka rantse mini."

Mahyar ya rantse.

Ba a daɗe ba rundunar Mihraz ta sauka a bakin Zarin. Waziri ma ya fito, aka bar masa tsaron sansani. Mahyar ya kafa tantin jinya a bayan wani tudu, shi da ɗalibansa. Ranar da ƙurar gabas ta tashi, bayan sallar asuba, ya shiga tantin sarki da ƙoƙo a hannu. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Waziri yana fitowa. Waziri ya dubi ƙoƙon, ya dubi Mahyar, ya wuce.

Firuzan ya shanye. Kafin rana ta ɗaga fuskarsa ta washe, ya tashi tsaye kamar saurayi, ya sa sulke da kwalkwali da hannunsa. Da ya fito ya hau farin dokinsa ba tare da an riƙe masa likkafa ba, runduna ta ɗauki kabbara har duwatsu suka amsa. Mahyar ya juya baya, don ba ya iya kallo.

Mutanen Tabrak suka faɗo kogi, giwaye a gaba, an sa musu ƙarfe a haure. Baktash ya bari sai da suka kai tsakiya, inda laka ke kama ƙafa, sa'an nan ya ɗaga tuta. Maharba suka tashi daga cikin ciyawa suka yi ruwan kibiya, wasu suka jefa tukwanen mai da wuta. Giwaye suka firgita, suka juya suka tattake nasu. Duk da haka dawakin Tabrak sun haye ta ƙasa, suka danno tsakiya har tutar Mihraz ta fara ja da baya. Nan Firuzan ya zare takobi ya yi kukan kura ya shiga cikinsu. Waɗanda suka gani sun ce tun yana da ƙuruciya ba su ga ya yi irin wannan yaƙi ba. Kafin azahar mutanen Tabrak suka karye, suka bar gawarwaki cike da mashigi.

Mahyar bai ga wannan ba. Yana cikin tanti, jini har gwiwar hannu, yana ɗinki yana ɗauri, bai tambayi ko wane ne na Mihraz, wane ne na Tabrak ba. Aka kawo masa wani barden Tabrak da mashi ya huda wa cinya. Yana ɗaure shi, sai aka ji guɗa da tambarin nasara. Barden ya yi dariya, haƙoransa duk jini.

Ya ce, "Malam, me suke wa murna? Ka ga laimar sarkinmu a wurin nan? Mu 'yan gaba ne kawai. Asfar ya zaga ta bayan dutse da uwar runduna."

Mahyar ya miƙe zumbur. Ya bar ɗaurin ga wani ɗalibi, ya fita da gudu don ya kai labari. Bai kai tsakiyar sansani ba ya ga guɗa ta koma salati. Ga farin doki ana jansa ba kowa a kai. Ga Firuzan an ɗauko shi a kan garkuwa, ba sara ba suka a jikinsa, leɓunansa sun yi baƙi. Ya faɗo ne daga sirdi a daidai lokacin da ake yi masa barka. A bayansa kuma wasu na ɗauke da Baktash, kibiya ta shige masa tsakanin wuya da kafaɗa, an karye sandar, bakin ƙarfen na ciki.

Mahyar ya nufi Baktash, don shi ne mai sauran numfashi. Waziri ya sha gabansa, zoben hatimin sarki ya riga ya koma yatsansa.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ya ku jama'ar Mihraz, ku dubi sarkinku. Takobi bai taɓa shi ba, mashi bai taɓa shi ba. Da idona na ga mutumin nan ya shiga masa da ƙoƙo da asuba. Wane ne Asfar ya aiko nema? Wane ne ya tashi a majalisa ya ce a bar shi ya tafi Tabrak? Malam, ka faɗa a gaban jama'a, kai ka ba shi ko ba kai ba?"

Mahyar ya ce, "Ni na ba shi."

"Ka san zai kashe shi?"

Mahyar ya tuna rantsuwar da ya yi wa sarki. Ko da ya warware ta, wa zai shaida? Mai shaidar na kwance a kan garkuwa.

Ya ce, "Na san ba zai sauko da rai ba. Amma Waziri, wannan shari'a ta jira. Asfar bai..."

Bai ƙarasa ba. Ihun askarawa ya haɗiye maganarsa. Suka yi kansa, wani ya fizge rawaninsa, wani ya kai masa kulki. Ya ɗaga hannun dama don ya kare kansa, kulkin ya sauka a kan yatsu, ya ji ƙarar karyewarsu kafin ya ji zafin. Da ƙyar dogarai suka ƙwace shi, suka sa masa mari a ƙafa, suka ɗaure shi a jikin turken dawaki. Waziri ya ba da umarni a tasa ƙeyar ɗalibansa duka zuwa birni a tsare su, a kuma rufe gidan jinya da ɗakin littattafai har a bincika abin da ke ciki. Mahyar ya yi ta kiran dogarai yana cewa a aika masu leƙe bayan dutse. Suka ce mayaudari ne, so yake ya raba runduna.

Haka ya wuni a turke, hannu ya kumbura kamar tulu. Yana jin nishin masu rauni daga tantin da ba kowa a ciki mai iya taimakonsu. Ya tuna littafinsa, wanda ya tsaya a babin cututtukan zuciya, ya tambayi kansa ko akwai wanda zai ƙarasa shi, ko kuwa wuta ce za ta karanta shi.

Rana ta karkata, ta yi ja a kan duwatsu. Sai dawakin da ke kusa da shi suka fara haniniya suna kartar ƙasa. Mahyar ya kasa kunne. Daga arewa, ta inda ba wanda ya sa gadi, wani sauti ke tasowa kamar tsawa mai nisa. Tambura ne, kuma ba na Mihraz ba.

Wani mahayi ya shigo sansani a sukwane, dokinsa duk kumfa, yana ihu, "Laimar Asfar! Sun cika kwarin arewa! Sun tsaya tsakaninmu da birni!"

Sansani ya ruɗe. Waziri ya fito yana ba da umarni, wannan ya tsaya nan, wancan ya tsaya can, ba wanda ya ko dube shi. Manyan barade suka taru a ƙofar tantin Baktash suna cewa ba za su ja daga ba sai sun ji daga bakinsa. Baktash kuwa na kwance, bai san inda yake ba.

Ba a jima ba Mahyar ya ga Waziri tafe, shi da dogarai biyu. Sanyin muryar nan tasa ya tafi.

Ya ce, "Ku kwance shi. Malam, ka cire wa Sarkin Yaƙi kibiyar nan. In ya buɗe ido ya yi wa barade magana, za su tsaya. In bai yi ba, ba wanda zai ga safiya a cikinmu. Maganar da ke tsakaninmu a bar ta tukuna."

Aka kai Mahyar tantin Baktash. Ya durƙusa, ya taɓa wuyan Baktash da hannun hagu. Jijiya na bugawa, a raunane amma tana nan. Bakin kibiyar mai kunne ne, ya kwanta dab da babbar jijiyar jini. In aka ja shi kai tsaye, mutumin ya tafi. Sai an tsaga a hankali an zagaye shi.

Ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna wa Waziri. Yatsun sun karkace, sun yi shuɗi.

Ya ce, "Da wannan nake yanka. Ina ɗalibaina?"

Waziri ya kau da kai. Ɗaliban suna kan hanyar birni, hanyar da Asfar ya datse.

Mahyar ya dubi waɗanda ke cikin tantin. Dogarai jikinsu na rawa, barade kuwa hannuwansu sun saba da sara, ba su san tausasawa ba. Idonsa ya sauka a kan hannun Waziri, siraran yatsu na mai riƙe alƙalami, waɗanda ko yanzu ba sa kaɗawa sosai.

Ya ce, "A kawo aska da ruwan zafi da ruwan tsami. A matso da haske. Waziri, cire zoben nan, ka naɗe hannun riga, ka wanke hannu."

Waziri ya ja da baya. "Ni? Ban taɓa yanka ko kaza ba. In ya mutu a hannuna, baraden nan za su..."

"Za su ce kai ka kashe shi," in ji Mahyar. "Na sani. Ɗauki askar."

Tamburan arewa suka ƙara matsowa, har ƙasa na amsawa ƙarƙashin gwiwoyinsu. Waziri ya zare hatimin sarki daga yatsansa, ya ajiye a kan tabarma, ya durƙusa. Mahyar ya kama wuyan hannunsa da hannun hagu, ya ɗora bakin askar a kan fatar Baktash.

Ya ce, "Nan. Kada ka dubi ƙofa, dubi inda yatsana yake. Ka ce bismillah, ka danna a hankali."